Tambayi Likita: Wurin Aikin Ƙaba Ya Fara Ruwa

Tambaya: Likita, yau kwana 6 da aka yi wa mahaifina aikin ƙaba a matsematsi, aka sa masa raga, irin wadda ake sawa a ciki don ta ƙarfafa wurin. Wurin ɗinkin ya kumbura ya yi zafi, yana fitar da ruwa mai kauri, ga zazzaɓi da dare. Yana da ciwon suga. Mai kemis ya ba mu kafso. Ya isa?
Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Kafso bai isa ba. Ku mayar da shi wurin likitan da ya yi aikin, yau ɗin nan.

Ɗan kumburi da tsami a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Wani lokaci ruwa tsararo kan taru a ƙarƙashin fata, ya baje da kansa cikin makonni. Amma ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, da ruwa mai kauri, da zafin jiki da ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, alamar mugunya ce, kuma daga kwana na 4 zuwa na 7 ta fi bayyana. Yawanci ƙwayar cutar da ke zaune a fatar mutum ce ta shiga ta wurin yanka, ciwon suga kuma yana ba ta ƙofa.

Mugunya sai an fitar da ita. Likita zai warware zare ɗaya ko biyu ta tsiyaye, ya ɗebi kaɗan a kai ɗakin gwaji a gano maganin da ke cin ƙwayar, ya wanke da ruwan gishiri na asibiti, a riƙa sauya bandeji kullum. Za a auna suga, a kuma yi hoton wurin don ganin zurfin abin.

Ragar ce abin da ya fi damuna. Idan ƙwayoyin cuta suka kai gare ta, sai su manne a zarenta, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa sosai. Shi ya sa za a sha magani wurin ya lafa, bayan wata biyu ya sake ɓullo da ɗan rami mai tsiyaya. Irin wannan sau da yawa sai an koma tiyata an cire ragar. Zuwa da wuri ne ke hana a kai nan.

Kada a fasa kafso a barbaɗa a mikin, kada a shafa man shanu ko garin magani, kada a matse. Ki zagaye iyakar kumburin da biro. In ya tsallake layin cikin sa'o'i, cutar na gudu.

Idan kuwa fatar ta fara baƙi ko ta yi bororo, ko ciwon ya fi ƙarfin abin da ido ke gani, ko ciki ya kumbura da amai, ko Baba ya rikice, numfashi na sama-sama, fitsari ya ragu, to ko tsakar dare ne a kai shi sashen gaggawa, kuma kada a ba shi abinci a hanya, don mai yiwuwa a shiga da shi tiyata.