Filin Tambayoyin Makiyaya: Ragon arewa ya shigo, dabbobina suka fara mutuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina kiwon gajerun tumaki takwas da awaki biyar a bayan gidanmu a Aboabo, nan Kumasi. Saura mako biyu Babbar Sallah na sayi wani dogon rago Balami a hannun masu saukowa da dabbobi daga Burkina, na ɗaure shi cikinsu. Da 'yar majina ya zo, dillali ya ce gajiyar hanya ce. Ba a rufa kwana goma ba awakina suka kama zawo, baki ya yi gyambo, ido duk kwantsa. Huɗu sun mutu, 'yan raguna biyu suka bi su. Shi kuwa ragon ya warware, muka yi layya da shi. Abokaina a majalisa sun ce jinin gajerun ne ba shi da ƙarfi, wai in sayar da ragowar in koma kiwon na arewa. Gaskiya ne? (Wani mai karatu daga Aboabo)

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya mayar da alheri. Kada ka sayar da ko ɗaya tukuna, saurara.

Ban ga dabbobin da idona ba, kuma gwajin jini ne ke yanke hukunci, amma alamomin da ka lissafa na annobar nan ce da likitocin dabbobi ke kira PPR. Bairas ne, wato wata mitsitsiyar ƙwayar cuta, ke kawo ta, dangin wanda ke sa yara ƙyanda da wanda ke sa shanu bushiya. A makwabtanmu Kodebuwa aka fara bayyana ta a 1942. Tana yaɗuwa ta majina da yawu da zawo, kwana huɗu zuwa shida bayan kamuwa sai zazzaɓi ya tashi. Ta fi tsanani a jikin awaki, musamman gajerun awakin nan namu na kurmi. Tumaki sau da yawa sukan yi ta sama-sama. To ka ga ragonka ba wani jarumi ba ne. Rago ne babba da cutar ta ɗan taɓa shi ta wuce, ya sauke kayan a gidanka ya kama gabansa. Majinar nan da dillali ya kira gajiyar hanya ita ce sammacin.

Abokan majalisa ba su yi ƙarya ɗungurungum ba. Maganar jini gaskiya ce, sai dai kowace cuta da irin jinin da take jin tsoro. Gajerun tumakin nan da ake kira Jalonke sun daɗe ƙwarai a ƙasar kurmi, suna jure sammoren da ƙudan tsando ke kawowa, suna kuma jure tsutsar ciki fiye da Balami da Uda. Ka ajiye Balami ya yi damina ɗaya cur a Kumasi cikin wannan laima, za ka ga yadda ƙashin bayansa zai fito, kofato ya ruɓe, tari ya kama shi. Na sha ganin haka a gidajen Asawase: mutum ya zuba kuɗi a kan dogon rago don ya yi masa baye, kafin watan tara ragon ya koma kamar tsumma a turke, gajerun kuwa suna gefe suna tauna ɓawon rogo abinsu. Ai ba banza ba aka ware tashar kiwo a Ejura don inganta irin Jalonke. Amma sammore da tsutsa ba bairas ba ne, juriyar da ta yi aiki a can ba ta hana PPR shiga.

A cututtukan bairas ɗin ma akwai inda jini ke magana ƙarara. Akwai wata mai sa leɓe da harshe kumbura har harshen ya yi shuɗi, wasu 'yan ƙwari da ba su kai sauro ba ke yaɗa ta. Tumakin Afirka na asali sukan ɗauke ta ba tare da an ko lura ba. Sai da Turawa suka kai tumakin ulu, irin Merino, Afirka ta Kudu, sannan aka ga ɓarnarta har aka san akwai ta. Cutar tana nan tun da can, baƙo ne ya tona ta.

Labarin da ya fi kama da naka kuwa daga ƙasar Aisilan yake, can tsibirin ƙanƙara. A 1933 suka shigo da tumaki ashirin irin Karakul daga Jamus don su gyara iri. Tumakin a ido lafiyarsu ƙalau. Ashe akwai bairas ɗin wata cutar huhu mai tafiyar hawainiya a jikin wasunsu, wadda kan yi shekaru kafin ta nuna. Tumakin tsibirin sun yi ɗaruruwan shekaru ba su cika gauraya da na waje ba, sai ta yi musu kaca-kaca, har gwamnati ta yanka dubban ɗaruruwa kafin a rabu da ita a wajen 1965. Wannan cutar ce, a 2012, masu bincike a jihar Nebiraska ta Amurka suka gano wata ƙwayar gado mai suna TMEM154 da ke da hannu a kamuwa da ita. Tunkiyar da ta gaji wani nau'i na ƙwayar daga uwa da uba duka, kamuwarta ta fi wuya. Ka lura, ya fi wuya na ce. Ko a nan inda aka kama ƙwayar da hannu, rage haɗari take yi kawai. Kuma cikin iri ɗaya ake samun mai ita da marar ita, ba tsawon ƙafa ko girman ƙaho ke nunawa ba.

Ga PPR dai, Balami da Uda da 'Yankasa da Jalonke duk suna kamuwa, kuma tana kashe su a Nijar da Burkina kamar yadda take yi a nan. Abin da ke raba mai rai da mushe shi ne ko jiki ya taɓa sanin cutar. Dabbar da ta yi ta ta tashi ba ta sake yi har ta mutu. Saboda haka akuyar nan ɗaya da ta rage maka da tumakin da suka sha, su ne dukiyarka yanzu. In ka kai su kasuwa ka sayar da masu garkuwa, ka sayo waɗanda ba ka san tarihinsu ba.

Na san an ba ka shawarar kafso, kowa a Zango likita ne in akuya ta kwanta. Maganin nan ba ya kashe bairas. Iyakarsa ya taimaka wajen ciwon huhun da ke biyo baya, shi ma likitan dabbobi ya kamata ya auna. Rigakafi ne magani, kuma mai kyau ne: daga wani bairas da aka samo a Najeriya a 1975 aka yi shi, allura ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara uku. Da irin wannan hanya aka kawar da bushiya daga duniya a 2011, kuma a taron Abijan na 2015 aka sa 2030 a matsayin wa'adin kawar da PPR. Je ofishin kula da lafiyar dabbobi na gundumarku ka faɗa musu abin da ya faru, don cuta ce da ake son a kai rahotonta. Kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce, tana son sanyi, in an haɗa ta kuma ba ta kwana, don haka ka tara makwabta masu kiwo a yi muku rana ɗaya. 'Ya'yan da aka haifa daga baya a yi musu in sun kai wata huɗu.

Baɗi in Allah Ya kai mu, ka sayi Balaminka, ni ma shi nake saya, kowa na son rago mai cika ido ranar Sallah. Amma turkensa daban, kwanon ruwansa daban, dusarsa daban, mako uku cur kafin ya shaƙi hancin ko ɗaya daga cikin naka. In bai kai mako ukun ba Sallah ta zo, daga turken nan sai wuƙa. Kuma yaron da ke ba shi ruwa ya wanke hannu kafin ya zagaya bayan gida.