Likita Ya Amsa: Gadon Jini, Sikila, Auren Zumunci da Gwajin DNA

Tambaya: Likita, ni ɗaliba ce a babbar sakandare. Kullum ina jin ana cewa DNA. Jini ne, ko kuwa mene ne?

Amsa: 'Yata, ba jini ba ne, ko da yake ana samunsa a cikin jini. Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, kuma kusan kowace ƙwaya tana da cibiya. A cikin cibiyar nan akwai wani siririn zare mai igiya biyu a murɗe, wanda da za a warware na ƙwaya guda, tsawonsa zai kai kusan mita 2. Wannan zaren shi ne DNA. Sinadarai huɗu ne suke jere a kansa, ana yi musu alama da A, T, G da C, kuma A da T ne suke haɗuwa, G kuma da C. Yadda suka jeru shi ne umarnin gina jiki.

Zaren a rarrabe yake zuwa ƙunshi 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Yankin zaren da yake ɗauke da umarnin haɗa furotin guda shi ake kira ƙwayar gado, kuma mutum yana da kimanin 20,000. James Watson da Francis Crick ne suka bayyana siffar zaren a 1953 a Ingila, sun kuma dogara da aikin Rosalind Franklin. A 2003 aka kammala babban aikin karanta jerin na ɗan Adam, wanda ya kai haruffa wajen biliyan 3.

Jajayen ƙwayoyin jini ba su da cibiya, saboda haka daga fararen ake ciro DNA. Ana kuma samunsa a yawu da saiwar gashi. Ki riƙe abu ɗaya, domin sauran amsoshin a kansa suka tsaya: kusan kowace ƙwayar gado guda biyu ce a jikinki, ɗaya ta mahaifiyarki, ɗaya ta mahaifinki.

Tambaya: Ni da wanda zan aura duk AS ne. Yayarsa ta ce ɗa ɗaya ne cikin huɗu yake fitowa da sikila, don haka in muka tsaya a uku mun tsira. Haka ne?

Amsa: Malama, ba haka ba ne, kuma wannan lissafin ya jefa gidaje da yawa cikin wahala. Ke kina da A, wato ƙwayar gado mai lafiya, da S, wato ta sikila, shi ma haka. A kowane ciki ke za ki bayar da ɗaya, shi ya bayar da ɗaya. Hanyoyin haɗuwar huɗu ne: A da A, A ɗinki da S ɗinsa, S ɗinki da A ɗinsa, sai S da S. Ke nan a kowane ciki yiwuwar AA kashi 25 ce cikin 100, AS kashi 50, SS kashi 25. Cikin da ya gabata ba ya rage wa na gaba komai. Ana samun ma'aurata AS masu 'ya'ya shida babu mai sikila, ana kuma samun waɗanda 'ya'yansu uku na farko duk SS ne. In kuka haifi uku, yiwuwar a samu aƙalla guda mai SS ta kusa kashi 58 cikin 100.

Asalin cutar harafi ɗaya ne ya canza, a ƙwayar gadon da take kan kuromosom na 11, wadda take haɗa wani sashe na himogulobin, sinadarin da yake ɗaukar iskar oksijin a jini. Idan iskar ta yi ƙaranci, himogulobin S yana daskarewa, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Daga nan ciwon ƙashi yake tasowa. Ƙwayar jini mai lafiya tana kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa ƙarancin jini da rawayar ido ba sa rabuwa da su.

Kada kuma a tsaya kan S kaɗai. Akwai wani irin himogulobin mai suna C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, ana kuma samunsa a Najeriya da Nijar. AS da AC suna iya haifar SC, kuma shi ma sikila ne. Sau da yawa ya fi sauƙi, amma yana taɓa ido da ƙashin ƙugu.

Abin da ya sa S ya yawaita a ƙasashenmu, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da shi, shi ne yaro mai AS ya fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Anthony Allison ya nuna haka a gabashin Afirka a 1954. Mai AS ba majinyaci ba ne, kuma kariyar ba ta hana shi kwana a gidan sauro.

Hukuncin aure naku ne da iyayenku. Shawarata dai ku zauna da likita ku biyu, ku kuma ziyarci asibitin masu sikila ku ji daga bakin iyayen yaran, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Gwajin da ake yi ana saura mako guda ɗaurin aure, an riga an yi lefe, ba kasafai yake canza komai ba. A Kano tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na wannan gadon jinin.

Tambaya: An gwada ni shekarun baya aka ce AA ne. Bana na sake, aka ce AS. Jinin mutum yana canzawa?

Amsa: Malam, abin da ka gada ba ya canzawa, ɗaya daga cikin sakamakon biyu ne kuskure. Dalilan da aka fi gani su ne musanyar kwalba ko suna, lalacewar sinadarin aiki, da yin gwajin ba tare da an ajiye samfurin jinin A, S da C da aka sani a gefe don kwatantawa ba. Ƙarin jini ma yana ruɗa sakamako: mai SS da aka ƙara wa jinin AA yana iya fitowa kamar AS, don haka a jira wata uku bayan ƙarin jini. Akwai kuma gwaji mai arha da ake ɗiga sinadari a jini a duba ko ƙwayoyin za su lanƙwashe. Wannan ba ya bambanta AS da SS, ba ya kuma ganin C. Ka nemi a yi maka na na'urar HPLC a babban asibiti, domin yana fitar da adadin kowane irin himogulobin.

Mutane kuma suna haɗa wannan da rukunin jini. A, B, AB da O dabam suke, amfaninsu wajen ƙarin jini ne. Wanda ya shafi aure a ciki shi ne alamar Rh: mace mai negetif da ta ɗauki cikin ɗa mai fozitif tana buƙatar allurar anti-D, yawanci a mako na 28, da kuma cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari. Wannan ba ya hana aure.

Tambaya: 'Ya'yana biyar duk mata ne. Dangin mijina suna cewa ni ce ba na haihuwar maza.

Amsa: Hajiya, kuromosom ɗin da suke raba jinsi iri biyu ne, X da Y, kuma ƙwan mace X kaɗai yake ɗauka. Maniyyin namiji ne ya kasu biyu, rabi X, rabi Y. In mai X ya riga shiga, mace; in mai Y ne, namiji. Ke nan ta ɓangaren miji abin yake rabuwa, shi ma kuma ba da zaɓinsa ba. A cikin gidaje 32 masu 'ya'ya biyar, ana sa ran kusan guda za a samu duk mata. Babu abinci ko jiƙon da aka tabbatar yana sauya wannan.

Tambaya: Na auri 'yar baffana. Mu duka baƙaƙe ne, amma ɗanmu na biyu zabiya ne. Auren zumuncin ne ya jawo?

Amsa: Malam, yana iya zama ya taimaka, amma waɗanda ba su haɗa dangi ba ma suna haifar zabiya. Akwai ƙwayoyin gado masu kwanciya: idan ɗaya ta samu matsala, ɗaya tana lafiya, mai lafiyar tana ɗaukar aikin, ba a ganin komai. Sai yaro ya gaji mai matsalar daga uwa da uba a lokaci guda abin yake bayyana. Kai da matarka kowa yana ɗauke da guda da ba ta haɗa sinadarin launin fata yadda ya kamata, kuma kowane ciki yiwuwar kashi 25 ce, daidai da lissafin sikila.

'Ya'yan wa da ƙani sun yi tarayya a kusan kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu, saboda kakanninsu ɗaya. Shi ya sa damar haɗuwar masu matsala iri ɗaya take ƙaruwa. Yiwuwar haihuwar jariri da babbar nakasa ko cutar gado kusan kashi 2 zuwa 3 ce cikin 100 ga kowa. Ga irin aurenku tana kaiwa wajen kashi 4 zuwa 6. Wato mafi yawan 'ya'yan auren zumunci lafiyarsu ƙalau. Inda nake jan kunne shi ne gidan da ake maimaita shi tun daga kakanni, ko wanda aka riga aka ga kurumtar haihuwa, ko jarirai suna rasuwa ba a san dalili ba. Irin wannan gidan ya kamata a rubuta tarihin lafiyarsa na zuriya uku a kai wa likita kafin a ƙulla wani.

Shi kuwa yaron, babban abokin gabarsa rana ce, domin tana jawo sankarar fata. Hula mai faɗi, riga mai dogon hannu, man kare fata mai lamba 30 ko sama, guje wa ranar tsaka, da duba ido kafin ya shiga makaranta. A zaunar da shi a layin gaba. Ƙwaƙwalwarsa daidai take da ta kowa.

Tambaya: Jaririna namiji ya yi shawara a kwana na uku, aka ce yana da ƙarancin G6PD, aka hana ni sa kafur a kayansa. Mece ce alaƙar?

Amsa: Maijego, G6PD sinadari ne da yake kare jajayen ƙwayoyin jini daga fashewa. Ƙwayar gadonsa a kan X take, namiji kuma X ɗaya gare shi, daga uwa, shi ya sa maza suka fi nuna alamar. Kafur ɗin da ake sa wa a akwatin kaya yana shiga ta fata da numfashi ya farfasa ƙwayoyin jinin, launin rawaya ya taru, in ya yi yawa ya taɓa ƙwaƙwalwa har abada. Ki fitar da shi daga ɗakin gaba ɗaya, ki wanke kayan. A guji sa masa lalle da man shafawa mai mentol. Duk inda za a rubuta masa magani a faɗa, musamman primaquine, dapsone da nitrofurantoin. Jaririn da idonsa ya yi rawaya asibiti ake kai shi a ranar, a auna, a sa shi ƙarƙashin fitilar maganin shawara; ruwan gulukos da shanya shi a hantsi ba sa maye gurbin wannan.

Tambaya: Ni rukunin jinina A, matata B, ɗanmu O. Abin yana damuna.

Amsa: Ka kwantar da hankalinka, Malam. Mai A yana iya zama A da O a ɓoye, mai B kuma B da O. Kowa ya bayar da O, sai a haifi O. Rukunin jini ba ya tabbatar da uba. Gwajin DNA, wanda Alec Jeffreys ya fara a Ingila a 1984, shi yake yin haka: ana goga auduga a cikin kumatu, a kwatanta wurare 15 zuwa sama da 20 a zaren, kuma a kowane wuri dole rabin na yaron ya dace da na uban. Kuskurensa yawanci daga musanyar samfuri ne. Hukuncin nasaba a shari'a kuwa maganar malamai da alƙali ce, ba ta ɗakin gwaji ba.

Tambaya: Na ji an samo maganin da yake gyara ƙwayar gadon sikila. 'Yata SS ce, shekararta bakwai.

Amsa: Gaskiya ne, Hajiya. Fasahar sunanta CRISPR, tana yanka zaren DNA a daidai wurin da aka nufa. Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna sun samu kyautar Nobel a kanta a 2020. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da magani mai suna Casgevy, da farko ga masu shekara 12 zuwa sama. Ba harafin S ɗin yake gyarawa ba. Jariri yana zuwa duniya da himogulobin F, wanda ba ya lanƙwashewa, shi ya sa sikila ba ta cika nunawa kafin wata shida. Daga baya wata ƙwayar gado mai suna BCL11A take kashe shi. Ana ciro ƙwayoyin ɓargon majinyacin, a raunana aikin BCL11A domin F ya dawo, a ba shi magani mai ƙarfi ya share tsohon ɓargon, sannan a mayar masa da gyararrun. Maganin sharewar yana iya hana haihuwa, ana yin makonni a asibiti, kuɗinsa a Amurka kuma dala miliyan 2.2 ne. 'Ya'yan wanda aka yi wa za su iya gadon S kamar da.

Dashen ɓargo ya girme shi, an fara yinsa a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011. Ya fi nasara idan mai bayarwa ɗan'uwa ne uwa ɗaya uba ɗaya wanda ɓargonsa ya dace, kuma kowane ɗan'uwa yiwuwar dacewarsa ɗaya ce cikin huɗu.

Abin da yake hannunki yau shi ne hydroxyurea, wanda shi ma F ɗin yake ƙarawa, yana rage yawan tashin ciwo da ƙarin jini. Likita ne yake auna shi da nauyin yaro, ana kuma duba jini a kai a kai domin yana iya rage fararen ƙwayoyi. Ki haɗa da folik asid, rigakafin zazzaɓin cizon sauro, cikakkun allurai, da ruwa mai yawa, musamman lokacin zafi da hunturu. A riƙa yi mata hoton jijiyoyin kai na TCD sau ɗaya a shekara har ta kai 16, don gano haɗarin shanyewar ɓarin jiki da wuri. Zafin jiki da ya kai 38.5, ciwon ƙirji, kumburin ciki ta hagu, ko raunin hannu ko ƙafa, duk a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.