Ɗan'uwan jan-baki da ke shirin ƙarewa

Tambaya: Malam, ina noman shinkafa a fadamar Wurno. Ɗana ya ce ya karanta cewa akwai tsuntsu dangin jan-baki da ke shirin ƙarewa a Najeriya. Mu da jan-baki ya hana mu barci, yaya wannan magana take?

Amsa: Alhaji, yaronka bai yi ƙarya ba, sai dai ba jan-bakinku ake nufi ba. Tsuntsun da ya karanta shi ne malimben Ibadan, wanda masana ke kira Malimbus ibadanensis. Da shi da jan-baki da kabare duk gida ɗaya suka fito, gidan Ploceidae, wato tsuntsaye masu saƙa sheƙa. Daga nan kowa ya kama gabansa: jan-baki na cikin zuriyar Quelea, shi kuwa na cikin Malimbus.

Ɗan ƙarami ne, bai wuce santimita 20 ba. Namijin baƙi ne wuluk, kai da ƙirji ja zur. John Elgood ne ya fara bayyana shi a 1958, kuma duk duniya babu inda ake samunsa sai kurmin kudu maso yammacin Najeriya. Ko shekara nawa za ka yi kana dubawa a bakin gulbin Rima, ba za ka gan shi ba.

Ƙungiyar IUCN, mai jera halittu gwargwadon haɗarin da suke ciki, ta sa shi a matakin waɗanda ke fuskantar ƙarewa. Mataki ɗaya ya rage a ce yana gab da shuɗewa. Binciken da aka yi tsakanin 1999 da 2002 ya ƙiyasta kusan 2,500 ne suka saura. Abin da ya ci shi sare kurmi ne don gonakin koko da gine-gine, har dajin ya koma tsibiri-tsibiri, ga shi tsuntsun ba ya rayuwa a fili.

Jan-baki kuwa yana matakin ƙasa, na waɗanda babu fargaba a kansu. Ana ƙiyasta shi da biliyan ɗaya da rabi a Afirka. Kai da kake tura yara gona da asuba suna buga gwangwani suna ihu har murya ta dushe, ba sai na gaya maka yawansa ba.

Don haka korar jan-baki daga gonarka ba ta taɓa na Ibadan ko kaɗan. Abin da ke damuna ni shi ne feshin jirgin sama: maganin fenthion ba ya tantance jan-baki da sauran tsuntsaye, har shaho da mujiyar da suka ci gawarsa yana kashewa.