Tambaya da Amsa: In Muka Cire Mod Ɗin, Gininmu Zai Tsira?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ke riƙe da sabar wasan gine-gine na Minecraft, nau'in Java na kwamfuta, da muke gini a kai ni da abokaina, yawancinmu 'yan Argungu da Birnin Kebbi. Mun daɗe muna gina kwaikwayon gidan tarihi na Kanta da bakin ruwan Matan Fada. Don ginin ya fito kamar na ƙasa na gaske, muka saka mod, wato ƙarin manhajar da ake ɗora wa wasan, mai kawo bulon jar ƙasa da azara da ƙofofi masu zane. To yanzu rigima ta tashi. Duk wanda bai saka mod ɗin ba, sabar ba ta barinsa shiga, wasu da suka saka kuma bangon zaure suke gani dabbare-dabbare, baƙi da shunayya. Wani cikinmu ya ce a cire mod ɗin kawai, wai kwalliya ce, bulon zai koma na asali, mai so ya saka a kwamfutarsa. Wallahi hankalina bai kwanta ba, don ginin ba nawa ba ne ni kaɗai. In cire? — Mai karatu daga Argungu

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka cire. Kafin ma ka gama karanta wannan amsa, kashe sabar, ka kwafe foldar duniyarku gaba ɗaya, ka ajiye kwafin a wani wuri daban, ba cikin sabar ba.

Dabbare-dabbaren da ya tayar muku da hankali shi ne mai sauƙin. Bulon yana nan lafiya lau, hotonsa ne wasan ya nema bai samu ba. Galibi sigar mod ɗin da ke hannun mutum ce ta saɓa da ta sabar, ko yana amfani da fakitin zane, wato tarin hotunan da ke sauya kamannin bulo, da aka yi don wata siga. Tun daga sigar Minecraft 1.11 wasan ba ya karɓar babban baƙi a sunan fayil, a 1.13 kuma foldar hotunan bulo ta tashi daga blocks ta koma block, kuma har yau akwai tsofaffin fakiti da ke tuntuɓe a nan. Su daidaita siga, su cire fakitin da suka ɗora, su danna F3 tare da T don wasan ya sake loda hotunan. Shi ke nan.

Maganar abokinka ce ke da haɗari, kuma na gaji da jin ta. Kusan kullum sai wani ya zo da ita, ya jiyo ta a rukunin WhatsApp ko a bakin wani mai bidiyo da bai taɓa riƙe sabar jama'a ba. Sun haɗa abu biyu sun ba su suna ɗaya. Fakitin zane fenti ne, ka shafa ko ka goge bango yana tsaye. Mod mai kawo sabon bulo kuwa shi ne tubalin da kansa. Wanda ya ce maka a zare tubali bango ya koma “na asali”, ka tambaye shi wane asalin? Babu wani bulo da ke ɓoye a ƙarƙashin na mod yana jiran a buɗe shi.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Wasan yana adana duniya yanki-yanki, kowane yanki bulo 16 a tsawo 16 a faɗi, kuma kowane bulo da sunansa aka rubuta shi. Na asali sunansu yana farawa da minecraft, na mod kuma da sunan mod ɗin. Ranar da ka cire mod ka kunna sabar, za ta buɗe yanki ta ci karo da sunan da ba ta sani ba, sai ta ɗauki wurin a matsayin iska. Da zarar ta sake adana yankin, iskar ce aka rubuta a kan bangonku. Ka dawo da mod ɗin bayan nan, ka sake kunnawa sau goma, zaure ba zai dawo ba, don sunan ya riga ya goge daga fayil. Kayan mod da ke cikin akwatuna da aljihun 'yan wasa su ma haka suke tafiya. Abin takaicin, ɓarnar ba lokaci ɗaya take bayyana ba. Yankin da ba a taka ba yana nan da ransa, sai wani ya shiga da gudu “bari in duba ko komai lafiya”, ya zagaye garin kaf, duk inda ya bi sabar na buɗewa tana gogewa. Wani lokaci Forge, manhajar da ke loda mod, takan yi gargaɗi cewa akwai abubuwan da suka ɓace, amma mutanenmu ba sa karanta rubutun da sabar ke fitarwa, amincewa kawai suke yi su wuce. Daga baya a zo ana salati, ana cewa an yi musu kutse.

Haka kuma batun “mai so ya saka a kwamfutarsa” ba ya aiki da irin wannan mod. Bulon da sabar ba ta sani ba, babu shi a duniyar, ko kwamfutarka ta san shi. Abin da ke iya zama ganin dama shi ne wanda ke sauya gani kaɗai: fakitin zane, ko irin OptiFine da Continuity masu haɗa zanen bulo da na maƙwabcinsa. Kana son tantancewa? Danna F3 ka kalli bulon, sunansa zai fito a allo. In bai fara da minecraft ba, kada ka taɓa mod ɗinsa.

To yaya za ku yi kowa ya shiga? Ku musanya bulon tun mod ɗin yana ciki. Saka WorldEdit, manhajar sauya bulo da yawa a lokaci ɗaya, ka zaɓi fili, ka yi amfani da umarnin //replace ka mayar da bulon mod na asali. Kun ma yi sa'a, tun sigar 1.19 ta 2022 wasan ya zo da packed_mud da mud_bricks, waɗanda ko ba fakiti suna kama da ginin ƙasa, ga kuma terracotta don jan bango. Wajen matakala da ƙofa ka sa alamar ^ gaban sunan sabon bulon don ya riƙe fuskantarsa, in ba haka ba za ka tarar da matakalar soro duk sun juya baya. Ka fara gwadawa a kan kwafi. Ka bi kowane lungu, har ƙarƙashin ƙasa da cikin rufi. Sai ka tabbatar babu sauran bulon mod, sannan ka cire.

Daga nan ku yi fakitin zanenku. Ku zaɓi bulon asali guda da kuka yarda ba za a yi amfani da shi a wani abu ba, misali ɗaya daga cikin launuka 16 na glazed_terracotta, ku ɗora masa dagi ko zanen bango, domin duk inda bulon yake a duniyar zai sauya. A fayil ɗin server.properties ka sa adireshin fakitin a layin resource-pack, ka bar require-resource-pack a false, don wanda ya ƙi saukewa ya shiga abinsa. Kada ka bar layin resource-pack-sha1 fayau, da shi wasan ke gane ko fakitin da ke hannun mutum shi ne na yanzu. Kuma ka tausaya wa jama'a, zane mai ɗigo 16 ko 32 ya isa. Wanda ke Jega ko Yauri da tsohuwar laftof da datar da ya saya da kuɗin makaranta bai kamata ya sauke ɗaruruwan megabait don ganin bango ba. In akwai masu shigowa da waya ta Geyser, manhajar da ke haɗa su da sabar Java, fakitin Java ba ya yi musu, sai an yi musu na Bedrock, nau'in Minecraft na waya, daban.

Ƙa'idar da nake so ku kafa ita ce, duk ginin da ba ya kyau sai da fakiti, ba a gama shi ba. Ku sa mutum ɗaya ya riƙa zagayawa ba fakiti yana faɗa muku abin da yake gani. Shi ya sa ban cika son dabarar da wasu ke yi ta ɗora zanen sabon bulo a kan bulon kiɗa na wasan ba, wanda bai sauke fakiti ba katangar akwatunan kiɗa zai gani a fadar sarki.

Kuma don Allah a daina karɓar fayil ɗin mod ta Xender ko filasha daga hannun “wani da ya iya”. Mod manhaja ce da ke gudana a kwamfutarka da cikakken iko. A Yunin 2023 wata muguwar manhaja mai suna fractureiser ta shiga ta cikin wasu mod a CurseForge kanta, babban shafin sauke mod, tana satar bayanan shiga, balle fayil ɗin da ya bi hannu goma.

Ƙanena, aikin mutane ne a hannunka, amana ce, ba a gwaji da ita. Ka sanar da su ranar da za ka yi musanyar, ka rufe sabar ga kowa har ka gama, kuma kada ka goge tsohon kwafin sai kowa ya shiga ya duba ɓangarensa ya ce ya gamsu.