Tambayi Malamar Jinya: Yaushe za a fara bin mai jego har gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce a Ɗorayi, haihuwata biyu. Na biyun nan da asuba na haife shi a asibiti, kafin la'asar an sallame mu. A kwana na huɗu idonsa ya koma ruwan ɗorawa, surukata ta ce shawara ce, a riƙa shanya shi a hantsi. Sai da ya ƙi kama nono muka ruga asibiti, aka sa shi a fitila. Alhamdu lillahi ya warke. Yayata da ke aure a Ingila ta ce su can malamar jinya ce ke biyo mai jego gida. Abin da ke ɗaure mini kai, masu ɗigon foliyo ba su taɓa tsallake ƙofarmu ba, amma mai leƙo jariri babu. Mu ma za mu ga wannan rana kuwa?
— Maman Biyu, Ɗorayi

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Barka da arziki, Allah ya raya mana, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Yayarki gaskiya ta faɗa miki. A Ingila ungozomar asibiti ce ke zuwa a kwanakin farko, kafin mako biyu ya cika kuma wata malamar jinya ta karɓa, ta ci gaba da bibiyar yaro har ya kai shekara biyar. Kuma ba gatan Turawa kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi a duba uwa da jariri a ranar haihuwa, da kwana na uku, da tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na shida. Wannan na kwana ukun da an yi miki shi, da an ga shawarar tun tana fuska, ba ta kai ga hana shi nono ba.

Maganar masu ɗigo kuwa, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A 2003 nan Kano aka dakatar da rigakafin foliyo saboda zargi, sai 2004 aka dawo. Da aka ga baƙo ba ya shiga gidan matan aure, sai aka ɗauko matan unguwa, aka haɗa da masu unguwanni da dagatai, ana bi lungu-lungu, alli a bango, tawada a ɗan ƙaramin yatsa. A 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da foliyon daji, wato ainihin ƙwayar cutar shan inna. Ashe ke nan babu ƙofar da ba za a iya ƙwanƙwasawa ba a garin nan. Amma kuɗin, mafi yawa na masu tallafi, don cuta guda aka ware shi. Haka maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa da damina ga yara 'yan wata uku zuwa shekara biyar: a zo, a ba da, a wuce. Babu wadda aka ɗora wa ta tambayi mai jego yadda ta kwana.

Abin da ba a gani a layin awo, a ɗaka ake ganinsa. Da nake aiki, in na shiga ɗakin mai jego ba jaririn nake fara kallo ba. Sai na duba kaskon da ake gasa cibiya, na shinshina tsumman, na latsa ƙafar uwar na ga ko yatsana zai lotsa, na leƙa kwanon kunu na tambayi yawan kanwar da aka zuba. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa. To wa za ka faɗa wa wannan? Ba yarinyar da ke kwance ba, ita ba ta da ta cewa. Kakar jariri ce mai ɗaki a kwana arba'in ɗin nan. Sai ka durƙusa ka gaishe ta, ka yaba wahalarta, ka sha kunun in ta miƙo, sannan ka ce, "Iya, maganin cibiyar nan na asibiti a gwada shi mana, a ɗaga wa wanzami ƙafa kan maganar beli." Kada ki ga laifin surukarki, abin da ta gada ta yi. Ba wadda ta zauna da ita ne.

Yanzu ina muka dosa? Ba zan yi miki alkawarin cikakkiyar malamar jinya a kowace ƙofa ba. Waɗanda muke da su ba su ishi gadajen asibitin Murtala da na Hasiya Bayero ba, ga Ingila da Saudiyya na kwashe su. Wataƙila ma wadda ta je wa yayarki 'yar Najeriya ce. Abin da zai yiwu shi ne na tsakiya. A 2018 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin CHIPS a Lafiya ta jihar Nasarawa: matan mazaɓa da aka ba horo su riƙa zaga gidaje, su gano mai ciki da yaro mara lafiya su tura asibiti. Akwai kuma karatun jinya da ungozomanci na shekara biyu da ake ɗaukar 'yan ƙaramar hukuma, su gama su koma yi wa garinsu aiki. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta sami asibitinta mai aiki, mu kuwa a jihar Kano mazaɓu 484 gare mu.

Inda gizo ke saƙar shi ne albashi. Matar da ke da nata 'ya'yan ba za ta daɗe tana yawon rana a kan ɗan alawus ba, in dillanci ya fi kawo mata. Habasha ta gane haka: mata biyu take ajiye wa kowane ƙauye, ma'aikatan gwamnati masu albashin wata. Ranar da jiha ta sa waɗannan mata a takardar albashi, aka ba kowacce gidajenta da malamar jinya guda da za ta kira in abu ya fi ƙarfinta, ranar za ki ji sallama a ƙofarki. Masu cewa waya za ta maye gurbinsu, na ji, hoton cibiya ta WhatsApp ya fi babu. Sai dai waya ba ta jin wari, ba ta jin zafin jiki.

Kafin nan, in Allah ya kawo na uku, tun a awon ƙarshe ki tambayi malamar asibitin mazaɓarku ko akwai mai zagaya layinku, ki karɓi lambarta. In babu, a kwana na uku a kai jaririn ko da lafiyarsa lau, kada a jira suna. Ƙin nono, zazzaɓi ko sanyin jiki, numfashi da sauri, jijjiga, cibiya mai wari, ko ɗorawar da ta sauko tafin hannu da ƙafa, ko tsakar dare ne a nemi ɗan sahu. Maigidanki kuma ya tambayi mai unguwa ranar zaman kwamitin ci gaban mazaɓa, ya je ya maimaita musu wannan tambaya taki.