Zuwa ga ƙanena mai son taho Jamus karatun kemistiri

Salamu alaikum ƙanena, da fatan kana lafiya, ya su Umma da yaran gida? Na saurari saƙonka na murya har ƙarshe, na ga abin ba na amsa a tsaye bane shi yasa na ce bari in zauna in rubuta. In na fahimce ka daidai, likitanci ka nema ba ka samu ba aka tura ka kemistiri, yanzu kana aji ɗaya, sai wani ejan ya ce maka a Jamus karatu kyauta ne, ka ajiye wannan ka taho ka fara daga farko, kana aiki kana riƙe kanka, daga baya ma in ka so ka koma likitanci. Toh bari in faɗa maka abinda na gani da idona, tunda ni kemistirin na karanta a nan kuma har yau a cikin lab nake wuni.

Kada ka ajiye gurbinka. Wannan ita ce maganata tun kafin mu shiga bayani.

Maganar kyauta akwai ƙanshin gaskiya a ciki, yawancin jami'o'in gwamnati basa karɓar kuɗin makaranta, sai dai kuɗin zango da kowa ke biya wanda a wurare da yawa har tikitin bas da jirgin ƙasa yana ciki. Amma ba ko'ina ba, jihar Baden-Württemberg tun 2017 take karɓar yuro 1,500 duk zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba, kuma nan ne su Heidelberg da Karlsruhe da Freiburg suke. Sannan abinda ejan bai faɗa maka ba shine kafin a ba ka biza sai ka nuna kuɗin zaman shekara guda a wani asusu da ake kullewa, daga ƙarshen 2024 aka mai da shi yuro 11,904, su riƙa sakar maka 992 duk wata, kuma adadin yana hawa lokaci zuwa lokaci. Ka buga wannan da canjin yau ka ga ko naira nawa ne, sai ka je ka kalli fuskar Baba ka faɗa masa. A cikin 992 ɗin nan inshorar lafiya ta dole zata ci sama da yuro 100, haya kuma ita ce mai cinye mafi yawa, in ba ka samu ɗakin ɗalibai ba (layinsa dogo ne wallahi) to sai ka ji a jikinka.

Sai yare. Digirin farko na kemistiri a nan kusan duk da Jamusanci ake yi, na Turanci sai ka tona kafin ka samu, mastas ne ake samun na Turanci da yawa. Zasu nemi ka ci jarrabawar Jamusanci ta DSH ko TestDaF, kuma wannan ba Jamusancin gaisuwa da cefane bane, matakin da zaka zauna farfesa yana zuba minti casa'in kana rubutu ne. Takardar WAEC ita kaɗai bata kai mutum aji ɗaya kai tsaye, akwai wani shafin intanet mai suna anabin da suke duba darajar takardun kowace ƙasa, yawanci sai an bi ta Studienkolleg, wato shekara guda ta share fage, masu son kemistiri su shiga ajin da ake kira T-Kurs su yi lissafi da fiziks da kemistiri da Jamusanci sannan su zana jarrabawar fita. Shiga can ɗin ma da jarrabawa ne kuma gurbi kaɗan ne. Kaga in ka haɗa koyon yare da wannan, shekara biyu ta tafi baka taɓa kwalbar gwaji ba, abokanka na gida suna aji uku.

Yanzu shi kansa karatun, don nan ne nake so ka buɗe kunne. A takarda zango shida ne, shekara uku. A zahiri da yawa suna wucewa, har 'yan ƙasar, kuma ajin da aka fara a Oktoba ɗaki cike kafin shekara ta zagayo zaka ga kujeru sun yi fili. Safiya lakca, daga azahar zuwa yamma lab, kusan kullum, da daddare kuma ka zauna rubuta rahoton abinda ka yi. Kafin a bar ka ka taɓa komai sai mai kula da ku ya tsayar da kai ya yi maka tambayoyi baki da baki, me zaka haɗa, me zai faru in ya zube maka a hannu, ina zaka zuba sauran, in ka yi inda-inda sai ya ce ka tattara ka dawo gobe, ranar ta tafi kenan. Kuma da Jamusanci fa, inda sodiyom ya zama Natrium, naitirojin ya zama Stickstoff, abinda ka haddace tun SS1 sai ka sake masa sabon suna a kai.

A shekarar farko akwai wani firaktikal da duk wanda ya yi kemistiri a ƙasar nan baya mantawa. Za a miƙo maka ɗan gari a ƙaramar kwalba, ba suna ba komai, a ce ka faɗi abubuwan da ke ciki. Ka narka, ka ɗiga asid ka ga ko wani abu zai kwanta fari, ka tace, ka bi da sinadarin salfa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wanda har a rigarka zaka tafi da shi gida mutane na kallonka a bas, ka sa ɗan garin a bakin siririyar wayar ƙarfe ka kai wuta, sodiyom ya ba da rawaya mai ƙarfi da ke rufe komai, sai ka leƙa ta shuɗin gilashi kafin ka hango ɗan shunayyan fotasiyom a bayansa, jan ƙarfe ya ba da kore. Ka gama ka kai amsa, in ka ƙara abu ɗaya da babu ko ka bar ɗaya da ke ciki, ba dogon zance, sabuwar kwalba za a ba ka ka koma farko. Kwalaben da ka fasa kuma a wurare da yawa kai zaka biya. Ni a ganina wannan shine ainihin abinda Jamus ta fi mu, hannunka ne zai koyi aikin ba kunnenka ba, ba wai mutum talatin sun kewaye bututu ɗaya suna leƙe ba. Tun zamanin masanin kemistiri Justus Liebig a garin Giessen suka kafa wannan salon na koyar da ɗalibi a gaban tebur, kuma basu sake shi ba. Amma wannan alherin shine kuma yake cinye lokacin da ejan ya ce zaka yi aiki da shi.

Doka ta ba ɗalibi irinmu damar aikin cikakkun kwanaki 140 a shekara, ko rabin yini 280. Ɗan tattalin arziki ko ɗan kwamfuta zai iya cin moriyar wannan, ɗan kemistiri kuwa yaushe? Ko hutun zango ba hutu bane, nan ake jera jarrabawa da wasu firaktikal na makonni a jere. Na ga yaran da suka ce zasu haɗa aikin dare a sito da lab na rana, ƙarshe barci a tsaye, kuma lab ba wurin gyangyaɗi bane. Ga kuma wata doka da ya kamata ka sani tun yanzu, a yawancin jami'o'i in ka faɗi kwas ɗaya na dole sau uku to an sallame ka, kuma galibi ba zaka sake karanta wannan fannin a wata jami'ar ƙasar ba, takardar zamanka kuwa a kan karatun take rataye. Abinda ke kayar da mutane ma ba haɗa ruwa kala-kala bane, lissafi ne da fizikal kemistiri, su tamodainamiks da kwantum. In ka san kana gudun kalkulas to ka daina gudu tun a nan gida.

Wani abu ɗan ƙarami da ba wanda zai faɗa maka, a watan Disamba rana tana faɗuwa wajen huɗu da rabi, wato azahar da la'asar da magariba duk a cikin lokacin lab zasu same ka. Ana iya yi, sai ka shirya da abokin tebur ya duba maka abinda ka ɗora a wuta ka fita minti biyar, ni ban taɓa samun wanda ya hana ni ba, amma sai kai ka tsara abinka.

Komawa likitanci daga baya kuma, cire wannan daga lissafi. Gurbin likitanci a nan 'yan ƙasar ma masu sakamako na ƙoli kokawa suke a kai, kason da ake ware wa baƙi ɗan mitsitsi ne, kuma canza fanni bayan ka yi nisa sai ofishin baƙi ya yarda. In zuciyarka likitanci take so gara ka sake zana JAMB. Kemistiri ba ɗakin jira bane, wanda ya shigo yana hararar ƙofa baya daɗewa.

Sannan ka san cewa a Jamus digirin farko a kemistiri shi kaɗai baya kai mutum ko'ina sosai. Kusan kowa mastas yake wucewa, mafi yawa kuma har dakta, don manyan kamfanoni irin BASF a Ludwigshafen da Bayer a Leverkusen da Merck a Darmstadt in zasu ɗauki mai bincike dakta suka saba nema, aikin hannu na lab kuma suna da waɗanda suka koya ta hanyar koyon sana'a na shekara uku da rabi ana biyansu. Kaga tafiyar kusan shekara goma ce in aka haɗa. To tunda dama sai ka yi mastas, me zai hana ka shigo ta wannan ƙofar? A nan ne ake samun na Turanci, a nan ne tallafin DAAD (hukumar Jamus mai ba ɗalibai tallafin karatu) ya fi yawa, PTDF ta Najeriya ma ta sha tura mutane mastas da dakta Jamus, a digirin farko kuwa tallafi sai dai a ce babu.

Don haka ga abinda zan ce ka yi in ni ne kai. Ka riƙe karatunka ka fito da sakamako mai kyau, aƙalla babbar daraja ta biyu, don shi zasu fara kallo, kuma zasu ƙirga kwasakwasan da ka yi ɗaya bayan ɗaya su gwada da nasu, musamman awannin firaktikal, saboda haka duk takardar bayanin kwas ka adana ta. Inda muke da rauni shine hannu, to SIWES ɗinka kada ka yi na sa hannu a rajista ka gudu, nemi inda akwai lab na gaske, kamfanin taki ko siminti ko hukumar ruwa ko masu gwajin magani, ka naci sai sun bar ka ka taɓa na'ura. Ka maƙale wa malami ɗaya mai bincike tun aji biyu, shi zai rubuta maka wasiƙar shaida. Jamusanci kuma ka fara yau a wayarka, DW suna da darussa kyauta, in ka yi nisa ka je Goethe-Institut, cibiyar koyar da Jamusanci, a Legas ka zana jarrabawa, ko mastas ɗin na Turanci ne zaka buƙace shi wajen neman ɗaki da aiki.

Shi kuma ejan kada ka ba shi ko kwabo, neman gurbi da kanka ake yi ta uni-assist (masu duba takardun baƙi a madadin jami'o'i) ko shafin jami'ar, kuɗin dubawa kawai ake biya. Turo min jerin kwasakwasan da kuke yi wannan zangon da sunan littafin da malamin fizikal kemistiri ya ce ku saya, in duba in ga me zan iya aiko maka. Ka gaida Umma, ka ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa.