Me ya sa tsoffin waƙoƙin coci na Latin ba su da kiɗa?

Malam, ka ce ka ji waƙar coci da Latin, babu kiɗa, muryoyi na hawa kan juna, kana neman dalili. Salon Turai ne na ƙarni na 15 da 16. A ɗakin ibadar Fafaroma na Sistine da ke Rum, a wancan lokacin da baki zalla ake rerawa, amma wasu coci-cocin sukan haɗa da kayan kiɗa.

Galibi murya huɗu zuwa shida ne, kowace da hanyarta: wannan ta ɗauko jimla, waccan ta biyo bayanta, suna sarƙewa kamar saƙar tabarma. Abin ya kai har a zamanin taron Trent, babban taron shugabannin cocin Katolika na 1545 zuwa 1563, limaman coci na ƙorafin ba a jin kalmomin. In kana son ƙara sauraro, fara da waƙoƙin Palestrina, mai tsara waƙoƙin coci a wannan salon, wanda ya rasu a 1594. A ganina nasa ya fi saurin shiga kunne.